Wuri: Ƙwanson Teku da Ya Zama Kuɗin Gobir da Katsina

Daga Cadakori zuwa gaɓar teku mafi kusa akwai tafiyar fiye da kilomita 700. Duk da haka, a ƙarni na 19 ƙwanson wata halittar teku ne ma'aunin dukiya a wannan yanki: da shi ake sayen hatsi, da shi ake biyan haraji, da shi ake kai kuɗin aure. Yau wurin ya koma jikin layun ƴan kokawa, da kayan ƴan bori, da faifan masu duba, har yara da yawa suna ɗaukarsa wani irin dutse ne.

Wuri gidan wani ɗan dodon koɗi ne da ke zaune a ruwa marar zurfi na Tekun Indiya. Cikinsa a tsage yake, da ƴan haƙora a gefe biyu. Iri biyu ne suka zo mana, kuma bambanta su ba wuya. Na fari shi ne wanda masana ke kira Monetaria moneta: ƙarami, fari mai ɗaukar rawaya, gefen bayansa da ƴan ƙulluttai. Na biyu, Monetaria annulus, bayansa sumul, yana ɗaukar ruwan toka, da zobe mai launin rawaya kewaye da doronsa. Malamin da ya zube su gaban ɗalibai ya ce su ware, ya riga ya shiga darasin tarihi, domin kowane iri da zamaninsa.

Na farin daga tsibiran Maldib yake, kudu maso yammacin Indiya. Mutanen can sukan jefa rassan kwakwar attagara a ruwa, dodon ya manne, sai a jawo reshen zuwa bisa rairayi. A binne su a rami har naman ya ruɓe, a wanke, a shanya. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya yi alƙalanci a tsibiran wajen 1344, ya ce a can ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari guda na zinariya, shi kuwa ya ga ana canjin 1,150 kacal a dinari a Mali da Gao. Darajar wuri, ke nan, ba a jikinsa take ba. Nisan hanya ne ake saye.

Hanyar kuwa ba mai daɗin ji ba ce. Jiragen Turawa sun riƙa ɗora shi a ƙasan kaya don ya ba jirgi nauyi, a kai shi Amsterdam da London, daga nan a sauke a Wida da Ikko a musanya da bayi. Fatake suka hau da shi ta ƙasar Yarabawa da Nufe. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731) wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Saboda haka lokacin da sarakunan Katsina suka kafa Maraɗi bayan jihadi, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun zo da kuɗin da suka saba. Gaba tana nan tsakaninsu da Sakkwato, amma wuri ɗaya ake ƙirgawa a kasuwannin ɓangarorin biyu.

Ƙirgar kanta sana'a ce. A bakin teku ana shirya wuri a zare, mu kuwa a warwatse muke zuba shi, sai an bi shi biyar biyar da yatsu. Heinrich Barth ya ga haka a Tasawa a 1851, inda aka zauna ƙirgar 500,000, ya kuma ambaci buhunan kaba masu cin 20,000 kowanne, wato keso. A Kano a shekarar nan wuri 2,500 ke yin dala guda ta azurfa.

Abin da ya karya shi tun kafin Nasara ya ci ƙasa shi ne ɗan'uwan nasa mai zobe. Daga 1845 ƴan kasuwar Hambug suka fara jigilarsa daga Zanzibar, inda yake da arha ƙwarai, suka zuba dubban tan a gaɓar Afirka ta Yamma cikin shekara ashirin. Farashi ya tashi, kaya ya yi nauyi, har ya zama ɗan dako mai tafiya nesa yana iya cinye rabin abin da ya ɗauko. Ingila ta hana shigo da wuri Nijeriya a 1904, Faransa kuma ta nace a biya haraji da faran. Talakan da ya tara tulu cike da wuri ya wayi gari da dukiyar da hukuma ba ta karɓa. Mata a ƙananan kasuwanni sun ci gaba da cinikin gishiri da daddawa da shi shekaru bayan haka, don babu wani tsaba da ya kai shi ƙanƙanta.