Daga Gayauna Zuwa Fuloti: Tarihin Darajar Ƙasa a Wamakko

Gabatarwa

Ƙasar Wamakko, wadda ta kewaye birnin Sakkwato ta yamma da arewa, an auna darajarta da ma'auni uku a tarihi. Da fari an auna ta da damin gero da buhun shinkafar da take bayarwa. Daga baya aka auna ta da dutsen da ke kwance a ƙarƙashinta. A yau kuwa da igiyar awon fuloti ake auna ta. Ni da na tashi a wannan yanki na ga ma'auni na uku yana haɗiye na farko a gaban idona. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, bunƙasar Wamakko gaskiya ce, amma gini ne ya riga tsari isowa, kuma tarihinmu ya taɓa koya mana akasin haka.

Zamanin fadama

Lokacin da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, sabon birnin yana bukatar wanda zai ciyar da shi. Garuruwa irin su Wamakko da Dundaye da Gumbi suka zama rumbunsa, domin Allah ya hore masu tudu da fadama. Tudu na ba da gero da dawa da wake da damina, fadama kuma na ba da shinkafa, sannan idan ruwa ya janye a shuka albasa da rake da dankali da sauran kayan lambu. Masunta na da rabonsu a gulbi, makiyaya na da burtali da mashaya. A wancan zamani gona takan sauya hannu ta hanyar gado ko aro ko jingina ko kyauta, saye kuma ba ya tabbata sai da shaidar mai unguwa da hakimi, kamar Baraden Wamakko ko Sarkin Adar na Dundaye.

Akwai wani abu na wannan zamani da ya kamata mai karatu ya riƙe. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, Bello ya lissafa kula da hanyoyi da gadoji da kasuwanni da ƙarfafa masu sana'a cikin haƙƙoƙin da talakawa ke bin shugaba. A tunanin magabata ke nan, gari yana farawa ne da ganuwa da masallaci da kasuwa da rijiya, sannan jama'a su zo su cika shi.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, dokar ƙasa ta 1910 ta sanya filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna. A takarda abu ya sauya, amma a ƙauye manomi ya ci gaba da noma gonar ubansa, don babu mai ƙwadayin tudun da ba ya ba da komai sai gero.

Zamanin dutse

Masana ilimin ƙasa sun tabbatar da cewa shekaru miliyoyi da suka shuɗe teku ne ya rufe wannan yanki, kuma ragowar halittun cikinsa ne suka taru suka zama farin dutsen da ake yin siminti da shi. Har sunan Kalambaina suka laƙaba wa wannan shimfiɗar dutse a littattafansu. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya, wato CCNN, a 1962. Sardauna bai ga buhun farko ba, domin an kashe shi a Janairun 1966, masana'antar kuma ta fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A 1985 aka ƙara sabon layi mai tan 500,000. Bayan gwamnati ta sayar da hannun jarinta, kamfanin ya koma hannun rukunin BUA na Abdul Samad Rabiu, wanda ya buɗe layi mai tan miliyan 1.5 a 2018, da wani mai tan miliyan 3 da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2022.

Wannan masana'anta ta kawo albashi, ta kawo baƙi, ta kawo direbobi da makanikai da masu sayar da abinci da masu ba da hayar ɗakuna. Amma dutse ba ya tsiro kamar gero. Duk lokacin da ramin haƙa ya faɗaɗa, wata gona ce ta tafi, wani lokaci ma ƙauye ne dungum za a tayar a sake masa matsuguni. Haka kuma layin dogo bai taɓa isowa Sakkwato ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929. Saboda haka kowane buhun siminti a bayan tirela yake fita, kuma kwaltar da talaka ke bi da babur ita ce ke ɗaukar wannan nauyi dare da rana.

Zamanin fuloti

Abubuwa uku ne suka buɗe wannan zamani. Na farko, Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan ta Jihar Sakkwato a 1976, ma'aikata suka yi yawa, tsohon gari ya kasa ɗaukarsu. Na biyu, an kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda ta koma Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 1988, aka yanka mata mazauni na dindindin a ƙasar Dundaye. Na uku, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha ga Gwamna, ta kuma tanadi diyya a kan amfanin gona da itatuwa da gine-gine, ban da ƙasar kanta. Daga nan manomi ya gane cewa gwamma ya sayar wa mai kuɗi yau da ya jira a karɓe gobe.

Rukunin gidajen gwamnati na Gwiwa da Arkilla da Bado da Kalambaina su ne suka nuna wa birni hanya. Ƙidayar 2006 ta samu mutum 179,619 a Ƙaramar Hukumar Wamakko, kuma da yawa daga cikinsu mutanen birni ne da ba su taɓa riƙe fartanya ba. A shekarun baya-bayan nan matsalar tsaro a gabashin jihar da Zamfara ta ƙaro wasu, masu hali suka sayi fili, marasa hali suka kama haya ko suka raɓa a kangon da ba a gama ba.

Yadda gona ke zama unguwa abu ne da na sha gani. Mai gona ya rasu, magada su yi yawa, rabon kowa ya kasa ciyar da gida. Dillali ya zo da tayin da ya fi kuɗin noman shekaru masu yawa. A kawo mai awo ya yanka ta ƙafa 50 da ƙafa 100, a matse hanya don a fitar da ƙarin fuloti ɗaya, a manta da filin makaranta da maƙabarta da magudanar ruwa. Ba na zargin magajin da ya sayar don ya aurar da 'ya ko ya biya kuɗin asibiti, domin wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. Sai dai gona kowace shekara take haihuwa, fuloti kuwa sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Jikan mai gona yakan wayi gari yana lebura a wurin buga bulo, a kan ƙasar da kakansa ya noma.

Bashin da bunƙasa ta ci

Sakamakon wannan gaggawa a bayyane yake. Gida mai bene da ƙyauren ƙarfe na tsaye a lungun da mota ba ta shiga da damina. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse ya ɗora na'urar hasken rana a rufinsa, marar hali ya jira 'yan ga-ruwa. Ƙasar da ke ba Arewa siminti tana da unguwannin da ba su da kwata ta siminti. Ambaliyar Satumba 2010, lokacin da ruwa ya cika madatsar Goronyo ya malalo, ta cinye gonaki da ƙauyuka, ta kuma yanke hanyar da ta haɗa jami'a da birni, har malamai da ɗalibai suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Gulbi ya tuna mana a ranar cewa fadama gidansa ce.

Akwai kuma matsalar mulki. Ƙaramar hukumar da aka tsara don ƙauyuka ce ke ɗauke da unguwannin babban birnin jiha, alhali kuɗin shigarta bai girma da girman jama'arta ba.

Kammalawa

Ba na kiran a mayar da Wamakko zamanin gayauna, don ruwan da ya wuce ba ya dawowa tulu. Kirana shi ne a koma ga tsarin da Bello ya rubuta, wato hanya da ruwa su riga gida. Kada a amince da yanka wata gona sai an ware titi da magudana da filin makaranta. A shata iyakar fadama da burtali a hana gini a cikinsu. A sauƙaƙa wa talaka samun takardar shaidar mallaka, domin ya iya jinginar da filinsa ya yi jari maimakon ya rabu da shi. A kuma ware wani kaso sananne na harajin da dutsen Kalambaina ke samarwa don garuruwan da ke shaƙar ƙurarsa. Gonakin da ke tsakanin Kalambaina da garin Wamakko ba su ƙare ba tukuna, kuma a kansu ne za a gane ko mun ɗauki darasin Arkilla da Bado. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, don idan aka kafa tubali a kan hanya, rusa shi ya fi shata ta tsada.