Zamanin Holosin da Ƙasar da Muke Takawa

Holosin shi ne sunan da masana ilimin ƙasa suka ba zamanin da muke ciki. A lissafinsu ya fara ne shekara 11,700 da suka wuce, bayan ƙarewar zamanin ƙanƙara na ƙarshe. Ita kuwa duniya sun ƙiyasta mata shekara biliyan 4 da rabi. Da za a matse wannan tsawo ya koma yini guda, Holosin ba zai cika daƙiƙa ɗaya ba. Ƙiyasi ne da suka ciro daga duwatsu da ƙanƙarar Girinlan, kuma ba mu ga ya ci karo da aƙida ba, domin nassi bai ƙayyade wa duniya adadin shekaru ba.

Mu mazauna Abidjan shaidarsa na gabanmu. Narkewar ƙanƙarar ta ɗaga teku kimanin mita 120. Ruwa ya malale kwaruruka, igiyar teku ta tara yashi ta tare gabansu, tafkin Ébrié ya samu. Wanda ya taso daga Adjamé Saint-Michel ya haye gada zuwa Treichville, ya baro tudu mai miliyoyin shekaru ne ya sauka kan tsibirin yashi da bai ɗara ruwa da yawa ba.

Wasu masana sun nemi a ce Holosin ya ƙare, an shiga Antiroposin, wato zamanin da aikin ɗan Adam ya rinjayi yanayi. A 2024 kwamitin masanan ya ƙi amincewa da sunan. Sai dai teku ya ƙaru da kusan santimita 20 daga 1900 zuwa yau, kuma yana cin gidajen bakin ruwa a Port-Bouët.