Masu Shuɗiyar Riga da gardamar masana tarihi

A watan Satumba na 1931 Japan ta mamaye Manchuriya, sojojin ƙasar Sin kuwa suka janye kusan ba faɗa. Abin ya ƙona ran wasu matasan hafsoshi da suka yi makarantar soja ta Whampoa a hannun Chiang Kai-shek, jagoran ƙasar a lokacin. A farkon 1932 suka kafa ƙungiyar asiri mai suna Lixingshe, wadda aka fi sani da Masu Shuɗiyar Riga. Abin da suke nema shi ne shugaba ɗaya da biyayya ba musu. Ɗaya daga cikinsu, Dai Li, shi ya riƙe leƙen asiri, kuma yaransa ne suka harbe Yang Xingfo, mai fafutukar kare haƙƙin jama'a, a Shanghai a 1933, sannan Shi Liangcai, mai jaridar Shen Bao, a 1934. An rushe ƙungiyar a 1938.

Shekaru da dama bayan haka, Lloyd Eastman na Jami'ar Illinois ya tono maganar. A maƙalarsa ta 1972 ya ce waɗannan mutane farkisanci suka yi, irin na Mussolini da Hitler, suna kuma sha'awarsa a fili. Maria Hsia Chang ta ce sam. A littafinta na 1985 ta nuna cewa 'yan kishin ƙasa ne masu bin koyarwar Sun Yat-sen, uban jamhuriyar Sin, kuma yawancin shaidar da ake kafawa a kansu daga rahotannin Japanawa ta fito, wato daga bakin abokan gaba. Hujja ce mai nauyi, sai dai a ganina ba ta wanke jinin Yang Xingfo ba.

Shi kuwa Frederic Wakeman na Jami'ar Berkeley, a 1997, ya duba yadda Masu Shuɗiyar Riga suka gauraya horon bariki da tarbiyyar Konfushiyas, kamar yadda aka gani a gangamin Sabuwar Rayuwa da Chiang ya ƙaddamar a Nanchang a 1934, inda har tofa yawu a titi ya zama laifi.

Maggie Clinton ce, a 2017, ta sauya tambayar. Maimakon auna kamanninsu da Turawa, sai ta karanta mujallun da suka buga, ta nuna cewa ɗacin mulkin mallaka da tsoron kwaminisanci ne suka haifi aƙidar farkisanci a cikin gida, kuma da sunan kare al'adar gargajiya suka halatta tashin hankali a kan 'yan ƙasarsu.