Amsoshin Takardunku: Kogin Gwaram da Duwatsun Birnin Kudu

Wani mai sauraronmu daga Kwandiko ya aiko mana takarda yana tambaya: daga ina kogin da ya ratsa ƙasar Gwaram ya taso, kuma me baƙi ke zuwa kallo a yankinsu?

To, malam, ruwan nan daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Ana kiransa Bunga, in ya yi gaba ya zama kogin Jama'are, daga bisani ya gamu da na Haɗeja su zama Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Shi ya sa da rani za ka ga rairayi, amma da damina ya cika ya batse ko da ba a yi ruwa a garinku ba.

Kudancin nan da can bakin iyakar Kano ne, kuma a ƙarni na 19 ya sha fama da harin Ningawa. Sai a 1991 ya koma sabuwar Jihar Jigawa.

Amma fa abin da ya kai sunan yankin duniya ya girmi duk wannan. A duwatsun Birnin Kudu, wato Habude da Mesa da Murufu, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi da jan launi da fari a jikin kogo. Ka lura da kyau in ka je: shanun ba su da tozo. Ke nan ba irin waɗanda Fulani ke kora yau ba ne. Wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, har da duwatsun da in an buga su suke ƙara kamar ƙararrawa. Ba shi ya gano su ba, mutanen gari sun san abinsu tun kaka da kakanni. A da ma amare kan je Murufu kafin biki.

Gwamnatin tarayya ta sa wuraren cikin kayan tarihi na ƙasa. Sai dai takarda ba ta gadin dutse. Yaro ɗaya da gawayi, ko mai fasa dutse da guduma, ya isa ya shafe zanen nan cikin yini guda. Saboda haka in ka kai baƙo, malam, ku je da ɗan gari ya nuna muku hanya, kada a taɓa zanen, kada kuma a watsa masa ruwa wai don hoto ya fito.