Mai tsaron wutar dare: daga kaskon Dole Kaina zuwa na'urar daidaita ɗumi

A Dole Kaina, garin masunta da 'yan kasuwa da ke bakin kogin Neja a jihar Kebbi, kusa da iyakar Benin, sanyin Disamba da Janairu ya fi cizo da asuba. Magabata sun san maganinsa. Katangar ƙasa mai kauri takan sha zafin rana da yini, ta sake shi sannu a hankali cikin dare. A sassa da dama na ƙasar Hausa kuwa tsofaffi kan kwana bisa gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda ake zuba garwashi. Sai dai dole a samu mai farkawa, ya iza wutar idan ta lafa, ya rufe ta da toka idan ta yi yawa.

Wannan farkawar ce Turawa suka ɗora wa ƙarfe. Warren Johnson, malamin makaranta a jihar Wisconsin ta Amurka, ya gaji da yadda mai kula da wutar ɗumama makarantar ke leƙa azuzuwa yana duba zafi, sai ya ƙera na'urar da ya yi wa rajista a 1883. Sirrinta ƙarafa biyu ne mabambanta a manne: da zafi ya sauya, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa, sai su lanƙwashe su haɗa waya, ƙararrawa ta sanar da mai wuta. A 1886 Albert Butz na Minneapolis ya samu rajistar wadda ke buɗe ƙofar murhu da kanta. Daga kamfaninsa ne Honeywell ya samo asali.

Abin da masu saye kan manta shi ne, na'urar umarni kawai take bayarwa, ba ta riƙe ɗumi. Wannan aikin katanga ne da rufi. Bulon siminti da kwano, waɗanda suka ture ginin ƙasa har suka zama alamar wadata, sukan gasa ɗaki da rana, su bar shi da sanyi kafin asuba. Ma'aikacin da ya gina irin wannan gida zai iya zaɓar na'ura mafi tsada, amma da an ɗauke lantarki ta zama ado a bango.

Shi ya sa kasko ya dawo, a ɗakin da ba don shi aka gina ba. Rufin ciyawa yakan bar hayaƙi ya fice. Tagar gilashi da ƙofar ƙarfe kuwa sukan tsare iskar gubar da gawayi ke fitarwa, wadda ba ta da launi ko wari, kuma takan kashe mai barci ba tare da ya farka ba.