2.1 Waiwaye Kan Tarihin Ra'in Gasa Tsakanin Jinsunan Halittu

Wannan sashe zai waiwayi tambayar da masana suka daɗe suna kai-kawo a kanta, wato me ya sa jinsunan halittu da dama ke zama wuri guda ba tare da ɗaya ya kawar da sauran ba?

A 1926 Vito Volterra, masanin lissafi ɗan Italiya, ya nuna cewa idan jinsi biyu suka dogara da abinci iri ɗaya, ɗayansu zai ƙare. A 1934 Georgii Gause na Rasha ya gwada haka da ƙwayoyin Paramecium iri biyu, iri ɗaya ya shafe ɗayan. Wato dai ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Sai dai abin da ake gani a daji ya saɓa wa wannan. A 1958 Robert MacArthur ya gano ƙananan tsuntsaye jinsi biyar a dazukan Amurka suna kiwo a bishiya iri ɗaya, amma kowanne da sashen da ya fi kama wa. A 1961 G. E. Hutchinson ya ƙara da cewa yanayi kan sauya tun kafin mai rinjaye ya gama da abokin gasarsa.

Daga nan za a fahimci cewa gasa gaskiya ce, amma rabon muhalli da sauyin yanayi kan rage mata kaifi.