Alkuki ya girmi Tauraron Dawuda

Duk wanda aka tambaya alamar Yahudanci a yau, tauraro mai tsini shida zai ambata, wanda ake kira Tauraron Dawuda. Amma idan aka bi sawun tarihi, tauraron nan baƙo ne a gidan, kuma ma'anarsa ba daga nassi ta fito ba. Tsohuwar alama ita ce menora, alkukin zinariya mai rassa bakwai wanda Attaura ta zayyana ƙirarsa a babi na 25 na littafin Fitowa, wanda kuma aka riƙa kunnawa a Haikalin birnin Ƙudus. Antigonus, sarki na ƙarshe a gidan sarautar Yahudawa na Hasmoniyawa, ya buga hotonsa a kan kuɗi wajen shekara ta 40 zuwa 37 kafin haihuwar Annabi Isa. Da Rumawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70 miladiyya, alkukin nan suka sassaƙa a ƙofar nasara ta Titus, jagoransu a yaƙin, a birnin Rum, sojoji na ɗauke da shi a kafaɗa, domin sun san shi ne abin da kowa zai gani ya gane wa aka ci da yaƙi. A ƙarnukan da suka biyo baya, shi ake gani a kaburburan Yahudawa na Bet She'arim da daɓen majami'u irin ta Bet Alfa.

Tauraron kuwa na kowa ne a da. Musulmi sun san shi da hatimin Annabi Sulaimanu, ana zana shi a layu da gine-gine, har Maroko ta buga shi a kan kuɗinta. Dattawan ƙasar Hausa ma sun riƙe shi a tafin hannu, don yana jikin kwabo mai huji da anini na zamanin Turawa, yana kuma kan tutar Najeriya daga 1914 zuwa 1960, ba tare da wani ya ce kuɗin Yahudawa ne ba. Mai musu zai kawo majami'ar Kafarnahum, inda aka sassaƙa shi a dutse, ko kundin Leningrad, kwafin littafin Yahudawa mai tsarki na shekarar 1008, da ke ɗauke da shi. Hujjar ba ta da ƙarfi: a Kafarnahum yana jere ne da tauraro mai tsini biyar da furanni, ado cikin ado. Jama'ar Yahudawan birnin Firag ne suka fara riƙe shi a matsayin tambarinsu na hukuma, kuma a ƙarni na 17 ya bazu daga can zuwa garuruwa kamar Biyana. Sai a ƙarni na 19 ya game Turai, kuma masani Gershom Scholem ya kafa hujja cewa dalilin shi ne Yahudawan da suka sami 'yancin zama 'yan ƙasa suna neman alama mai sauƙin zane da za ta tsaya musu kamar yadda gicciye ya tsaya wa Kirista. Akwai kuma abin da ya taƙaita alkukin tun farko: Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, ta hana ƙera irin na Haikali sak.

Wani zai ce to ashe tauraron fanko ne, tunda ba Annabi Dawuda ya zana shi ba. Nan ma an yi kuskure, don ma'ana tana taruwa ne a kan alama bayan an ɗauke ta. Taron Sahayoniyawa na farko a Basel a 1897 ya sa shi gaba. Masanin falsafa Franz Rosenzweig, a littafinsa na 1921, ya fassara alwatika biyun da suka haɗu suka yi tauraron: ɗaya Allah da duniya da ɗan Adam, ɗaya halitta da wahayi da fansa. Fassara ce mai zurfi, amma ta zo ne bayan alamar ta kafu. Abin da ya fi komai ɗora masa nauyi shi ne dokar 'yan Nazi ta Satumbar 1941, wadda ta tilasta wa kowane Bayahude a Jamus, daga ɗan shekara shida, ya ɗinka tauraro rawaya a ƙirjin rigarsa. Bayan miliyoyi sun mutu da shi a jiki, babu mai sake kallonsa a matsayin ado. Duk da haka, da Isra'ila ta sa shi a tutarta a 1948, sai ta koma ga alkuki wajen zaɓen tambarin gwamnati a 1949, kuma siffar da aka kwaikwaya ita ce wadda Rumawa suka sassaƙa a ƙofar Titus.